Ciwon Suga da Mantuwar Tsofaffi: Hawansa na Ci a Hankali, Faɗuwarsa Kuwa Nan Take

A yawancin gidajenmu, idan tsoho ya fara maimaita tambaya ɗaya sau uku kafin la'asar, ko tsohuwa ta ajiye kuɗin cefane sannan ta tayar da gida wai an ɗauke, hukunci ɗaya ake yankewa: tsufa ne. Wasu su ce ruɗewa ta fara, wasu su ce gigin tsufa. Masu karatu kuma su jawo ayar nan ta Suratun Nahli da ta yi maganar wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya koma bai san komai ba bayan a da ya sani. Sai a yi masa addu'a, a ƙara haƙuri da shi, a rufe maganar. Addu'ar da haƙurin babu mai ja da su. Rufe maganar ce ke da gyara, musamman idan tsohon yana da ciwon suga, domin a wurinsa abin da ake kira ruɗewa yana iya fitowa daga hawan suga na shekaru, yana iya fitowa daga hawansa na wannan makon, yana kuma iya fitowa daga ƙwayar maganin da aka ba shi da safe.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa, kuma kusan dukkansa daga sugan da ke yawo a jini take samu. Kamar gidan da ba shi da rumbu take, kullum sai an auno. Tsoka da hanta suna da 'yar ajiyarsu, ita kuwa abin da jini ya kawo a wannan mintin da shi za ta yi aiki. Saboda haka abu biyu ke iya durƙusar da ita: ko sugan ya yi ƙaranci a jini, ko hanyoyin da ke kai mata shi su lalace. Ciwon suga da maganinsa suna iya jawo duka biyun.

Maganar cewa masu ciwon suga sun fi sauran jama'a kamuwa da cutar mantuwa ta daɗe da wuce zato. A 1999 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, inda aka bi tsofaffi 6,370, aka ga haɗarin kamuwa da cutar ya kusa ninkawa a wurin masu suga. A 2016 kuma aka tattara bincike 14 da suka ƙunshi mutum sama da miliyan 2.3, lissafin ya tsaya a kan ƙarin haɗari na kusan kashi 60 cikin 100. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne na birnin Seattle na Amurka da aka buga a 2013. An bi mutum 2,067 da matsakaicin shekarunsu ya kai 76, aka tattara duk gwaje-gwajen sugansu na shekaru, a ƙarshe 524 suka kamu da mantuwa. A cikin masu ciwon suga, wanda matsakaicin sugansa ke 190 a ma'aunin na'urar gwajin suga (mg/dL) ya fi mai 160 haɗari da kashi 40 cikin 100. Har a cikin waɗanda ba su da ciwon, mai 115 ya fi mai 100 haɗari da kashi 18. Wato babu wani layi da za a ce daga nan ɓarna ke farawa. Gwargwadon hawan, gwargwadon haɗarin.

Waɗannan alƙaluma suna maganar jama'a ne a dunƙule. Yawancin masu ciwon suga za su tsufa da hankalinsu, su aurar da jikoki suna sane da sunan kowa.

To ta ina sugan ke shiga? Hanyar da ta fi tabbata ita ce ta ƙananan jijiyoyin jini. Duk mai jinyar mai suga ya san ana yi masa kashedi a kan ido, da ƙoda, da ƙafa. Dalilin ɗaya ne: sugan da ya daɗe a sama yana manne wa sinadaran da suka gina bangon jijiyoyi, bangon ya yi kauri ya sandare, ramin ya tsuke. Irin waɗannan siraran jijiyoyi sun cika can cikin ƙwaƙwalwa. Idan ɗaya ta toshe, ɗan wurin da take shayarwa sai ya mutu, wurin da bai fi ƙwayar gero ko ta wake ba. Mutum ba zai faɗi ba, bakinsa ba zai karkace ba, babu wanda zai ce ya samu shanyewar ɓarin jiki. Amma yau ɗaya, baɗi biyu, har su taru su yanke hanyoyin da sassan ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo. Likitocin da suka duba ƙwaƙwalen mamata sun ga haka da idonsu: abin da ya fi yawa a wurin masu suga shi ne waɗannan matattun gurabe, ba tarin sinadarin nan da aka san cutar Alzheimer, wani nau'in cutar mantuwa, da shi ba. Akwai masu kiran Alzheimer da "ciwon suga nau'i na uku" saboda sun ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu ita ba sa amsa wa insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jiki, yadda ya kamata. Bincike ne mai ban sha'awa, amma babu wata hukumar lafiya da ta karɓi wannan suna a matsayin cuta, kuma a ganina bai kamata ya janye hankalin mutane daga jijiyoyi ba, inda hujjar ta fi ƙarfi kuma inda ake da abin yi.

Wannan ne ya sa mantuwar mai suga sau da yawa ba da mance suna take farawa ba. Nawar tunani take farawa da ita, da rikicewar tsari. A ɗauki dattijon da ya yi shekara arba'in yana sayar da hatsi, wanda kafin yaro ya gama ɗaure bakin buhu ya riga ya fitar da kuɗin tiya goma sha bakwai a ka. Yanzu sai ka ga ya riƙe canji a hannu yana juyawa, ya ƙirga ya sake ƙirgawa, daga bisani ya miƙa wa yaron ya ce, "Kai duba mana." Sunanka yana nan a bakinsa, labarin aikin hajjinsa na farko zai ba ka shi tiryan-tiryan. Abin da ke buƙatar a riƙe mataki uku a kai lokaci guda shi ne ya fara kufce masa. Haka tsohuwar da ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, ko wadda ƙabli da ba'adi suka zame mata na kullum saboda raka'o'i sun daina tsayawa a lissafinta. 'Yan gida ba kasafai suke ɗaukar wannan a bakin komai ba, tunda dai tana gane kowa.

Tsawon zama da ciwon yana da babban tasiri. Wani bincike da aka yi a kan ma'aikatan gwamnati 10,095 a Landan, wanda aka bi su sama da shekara 30 aka buga a 2021, ya nuna cewa a cikin 'yan shekara 70, wanda suga ya kama fiye da shekara goma da suka wuce haɗarinsa ya ninka na marar suga. Wanda kuwa bai wuce shekara biyar da kamuwa ba, bambancinsa da marar ciwon kaɗan ne. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ma, a rahotonsa na 2024 da ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, ya ɗauke ciwon suga daga sahun matsalolin tsufa ya mayar da shi sahun tsakiyar rayuwa. Ma'ana, ƙwaƙwalwar ɗan shekara 75 tun yana ɗan 45 ake yi mata tanadi ko ɓarna. Wannan magana ta fi shafar mu, domin ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Mutum sai gyambo ya ƙi warkewa ko ido ya fara hazo sannan a gwada, alhali sugan ya yi shekaru yana aikinsa.

Mai karatu zai ce to ai magana ta ƙare, a danne sugan tsohon ƙasa sosai, ƙwaƙwalwa ta tsira. Likitoci ma sun yi wannan tunanin, kuma sun gwada. A wani gagarumin gwaji mai suna ACCORD da aka yi a Amurka da Kanada, an raba masu suga sama da 10,000 gida biyu. Kashi ɗaya aka tsananta musu magani don a sauko da gwajin nan na HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, ƙasa da 6. Ɗaya kashin aka bar su tsakanin 7 da 7.9. A watan Fabrairun 2008 aka dakatar da tsanantawar tun wa'adi bai cika ba, saboda mace-mace sun fi yawa a ɓangaren da aka matsa wa. An kuma ware mutum 2,977 daga cikinsu ana auna tunaninsu. Bayan wata 40, waɗanda aka tsananta wa ba su fi sauran kaifin tunani da komai ba.

Wani abin da ke biyo bayan tsanantawa shi ne faɗuwar suga, kuma a nan ne nake ganin gidajenmu suka fi buƙatar a yi musu bayani. A jihar Kalifoniya an duba bayanan tsofaffi 16,667 masu suga, aka buga sakamakon a 2009. Wanda sugansa ya taɓa faɗuwa sau ɗaya har ta kai shi asibiti, haɗarin mantuwarsa ya ƙaru da kashi 26 cikin 100. Mai sau biyu, kashi 80. Mai sau uku ko fiye, kashi 94. Wani binciken na 2013 ya nuna abin zagaye yake yi: faɗuwar suga tana ninka haɗarin mantuwa, mai mantuwa kuma haɗarin faɗuwar sugansa ya kai ninki uku.

Yadda zagayen ke faruwa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna da tsoho. Ɗa ya leƙo ɗaki zai fita kasuwa, ya ce, "Baba, an sha maganin safe?" Baba ya ɗan yi shiru, ya dubi ledar magungunan da ke gefen buzu, ya ce, "Kamar ban sha ba." Ya ɓalli ƙwaya ya kora da ruwa, alhali ya sha bayan asuba. Kokon da aka kawo masa yana nan a rufe, bai ji yunwa ba. Kafin azahar sai a same shi yana magana ba kan gado, yana zare ido, ko ya yi ta faɗa da jikokin da yake ji da su. Matashi idan sugansa ya faɗi zai ji gumi, da rawar jiki, da bugun zuciya, ya nemi abin zaƙi da kansa. Tsoho sau da yawa waɗannan alamun gargaɗi sun dushe a jikinsa, kai tsaye sai ruɗewa, ko jiri, ko faɗuwa. 'Yan gida su ce jikin ne yau, ko su fara zancen iska, a kira mai tofi. Abin da ake buƙata a wannan lokacin shi ne a soki yatsa a gwada. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 (ko 3.9, ko 0.70 a irin ma'aunin da aka saba da shi a Nijar), kuma yana iya haɗiya, a dama masa cokali babba na sukari a ruwa ko a ba shi rabin kwalbar lemo, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Idan babu na'ura a kusa, a ba shi zaƙin. Ɓarnar cokali ɗaya ba ta kai ta jinkiri ba. Idan ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa.

Akwai magani guda da ya kamata kowane mai tsoho ya san sunansa: glibenclamide, wanda mutane da yawa suka fi sani da Daonil. Yana da arha, yana kowane kemis, yana kuma sauke suga da ƙarfi, shi ya sa ake son sa. Matsalarsa ita ce yana daɗewa a jiki, kuma idan ƙoda ta yi rauni, kamar yadda takan yi da shekaru, sai ya ƙara daɗewa. Faɗuwar sugan da ya jawo tana iya dawowa bayan an ba da sukari an ga mutum ya warware, don haka ko ya farfaɗo sai likita ya gan shi. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta kawo gliclazide a madadinsa. Duk da haka za ka samu dattijon da aka rubuta masa shi yana ɗan hamsin, ya ci gaba da aika yaro da tsohon kwali ana sayo masa har ya kai saba'in da biyar, ba wanda ya sake dubawa. A kan wannan kuma a ƙara jiƙon garafuni ko na shuwaka da wata maƙwabciya ta kawo, wanda ba shi da awo. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da maganin kwinin su ma suna sauke suga.

Metformin, wani maganin sugan, bai cika faɗar da suga ba idan shi kaɗai ake sha, amma shi ma yana da nasa. Shan sa na shekaru yana rage bitamin B12 a jiki, ƙarancin B12 kuma yana kawo mantuwa da dindiris a ƙafa, wanda cikin sauƙi za a ɗora wa sugan. Tsohon da haƙori ya ƙare ya bar nama ya fi shiga wannan. Gwajin jini ne ke nunawa, allura ko ƙwaya ke gyarawa.

Azumi ya cancanci a tsaya a kansa. Binciken da aka yi a ƙasashen Musulmi 13 a Ramadan na 2001 ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na masu suga nau'i na biyu, wato irin wanda ya fi kama manya, sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar suga ta ninka kusan sau bakwai da rabi a cikin watan. Ƙa'idojin da likitoci suka tsara tare da malamai sun ce mai suga ya karya azumi idan gwaji ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, kuma sukar yatsa don gwaji ba ta karya azumi. Amma wannan ƙa'ida tana aiki ne ga wanda zai iya lura da jikinsa ya yanke hukunci. Tsohon da tunaninsa ya fara rauni ba zai iya ba, shi ya sa aka sa shi cikin waɗanda ake ba shawarar kada su ɗauka. Wahalar a nan ba ta fiƙihu ba ce, kowa ya san an yi wa tsoho da marar lafiya rangwame, akwai ciyarwa. Wahalar ita ce wa zai tunkari Hajiya, wadda ba ta taɓa shan azumi ba tun tana budurwa, ya ce mata bana ta ajiye. 'Ya'ya kan ji nauyi. Ya fi sauƙi maganar ta fito daga bakin likitanta da limamin da take jin maganarsa, kuma tun cikin Sha'aban.

Kada kuma a ɗauka sakin sugan ya hau yadda ya ga dama shi ne mafita. Sugan da ya haura 270 yana sa tunani ya yi nauyi a wannan lokacin ma, kafin a je ga ɓarnar shekaru. Akwai kuma wani yanayi mai kisa da ya fi kama tsofaffi, inda sugan ke wuce 600. Yakan ɗauki kwanaki yana haɗuwa: yawan fitsari yana kwashe ruwan jiki, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, in ya ji ma a miƙo masa lemo mai sanyi. A zafin bazara irin na Sakkwato ko Maraɗi abin ya fi sauri. Sai a ga yana ta barci, harshe ya bushe, magana ta rikice. Sau da yawa wata cuta ce a ƙasa ta tayar da shi, ciwon mafitsara, ko na huhu, ko gyambon ƙafa. Abin da ke raba wannan da cutar mantuwa shi ne lokaci. Mantuwa tana tafiya ne a watanni da shekaru. Duk ruɗewar da ta zo cikin sa'o'i ko kwanaki, wadda za a ce ai shekaranjiya lafiyarsa ƙalau, ta gaggawa ce, kuma galibi tana warkewa idan an kama sanadin da wuri.

Saboda duk wannan ne Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta bambanta ma'auni gwargwadon ƙarfin tsoho. Mai ƙwari da cikakken tunani ana nema masa HbA1c ƙasa da 7 zuwa 7.5. Mai tarin cututtuka ko wanda tunaninsa ya fara rauni, ƙasa da 8 ya wadatar. Wanda ya yi nisa kuwa ba a bin lamba, ana dai kauce wa faɗuwa da kuma hawan da zai wahalar da shi. (Mai sikila ko mai ƙarancin jini, wannan gwajin yana iya ba da lambar da ba daidai ba, sai a gaya wa likita.) Na san 'ya'yan da ke alfahari da cewa sugan mahaifinsu ba ya wuce 90, sun hana shi tuwo, sun hana shi fura, ya rame ya zama sai ƙashi. Niyyar mai kyau ce, amma ga ɗan shekara tamanin mai shan insulin ko Daonil, wannan garin neman gira ne a rasa ido. Abin da ya fi amfani a wannan shekarun shi ne a rage yawan magungunan zuwa abin da za a iya riƙewa, mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin bayarwa da hannunsa, ledar ta bar gefen shimfiɗar tsohon, kuma kada ƙwaya ta shiga sai an ga abinci ya shiga. A kula da hawan jini da gaske, domin jijiyoyin da suga ke ci su ne shi ma yake ci. A duba ji da gani, domin tsohon da ba ya jin hira yakan janye daga mutane, janyewar kuma tana cikin abubuwa 14 ɗin nan da aka lissafa.

Ƙungiyar ta kuma ba da shawarar a riƙa auna tunanin duk mai suga da ya kai shekara 65, a zuwan farko da kuma kowace shekara. Sai dai yawancin gwaje-gwajen an tsara su ne don wanda ya yi boko: zana agogo, rubuta jimla, ɗebe bakwai-bakwai daga ɗari. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba za ta faɗi ko da hankalinta garau. Masu binciken da suka kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis tun farkon shekarun 1990 sun ci karo da wannan, sai suka yi amfani da gwajin da ya haɗa da tambayar wani na kusa da tsohon: me yake iya yi a da wanda yanzu ya gagara? Don haka ranar zuwa asibiti, wanda ke kwana gida ɗaya da tsohon ya kamata ya shiga wurin likita, ko jika ce ko suruka, ba sai babban ɗan da ya zo daga Abuja ya biya kuɗin kati ba. Ta zo da ledar magungunan gaba ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, ta kuma faɗi sau nawa aka same shi a ruɗe a watan da ya wuce, da wane lokaci na yini, da ko ya ci abinci kafin nan.